Yunƙuri na Biyar: Alƙalan Wasa da Rigingimunsu a Zari-rugar Jami'o'in Amurka

A daren 19 ga Oktoba 2024, a birnin Austin na jihar Texas, ɗalibai suka yi wa filin wasa ruwan robobi da gwangwanaye saboda wani hukunci da alƙalai suka yanke wa ƙungiyar jami'arsu a karawarta da Jami'ar Georgia. Ɗan bayan Texas, Jahdae Barron, ya cafke ƙwallon da Georgia ta jefa, sai wani alƙali ya ce ya takura wa abokin hamayyarsa tun ƙwallon bai iso ba, aka soke cafkar. Ana cikin kwashe tarkacen da aka jefo sai alƙalan suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus, suka janye hukuncin. Wannan laifi ba ya cikin waɗanda doka ta yarda a sake dubawa a bidiyo, don haka masu kallo da yawa suka ɗauka cewa jifan ne ya yi aiki. Georgia ce dai ta ci wasan da maki 30 da 15, kuma rukunin jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, ya ci Texas tarar dala 250,000. Amma abin ya tayar da tsohuwar muhawara: idan alƙali ya yi kuskure a wannan wasa, wa ke da ikon gyarawa, kuma zuwa yaushe ne ƙofar gyaran take a buɗe?

Zari-rugar Amurka ta samo asali ne daga jami'o'i. Wasan da ake ƙirgawa a matsayin na farko shi ne wanda Rutgers da Princeton suka buga a ranar 6 ga Nuwamba 1869, kodayake ya fi kama da ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani. Walter Camp na Jami'ar Yale ne ya ba wasan siffarsa. A 1882 ya kawo dokar yunƙuri: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri uku ta ci yadi biyar gaba, in ta kasa ta miƙa wa abokan hamayya. A 1906 aka mayar da tazarar yadi goma, a 1912 kuma aka mayar da yunƙurin huɗu, kuma haka abin yake har yau. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya ya yi tacdawun, maki shida ke nan, sannan a ba shi damar neman ƙari. Bugun da ya ratsa tsakanin turakun raga maki uku ne. Ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya jefa ko ya miƙa ko ya ruga da shi, shi ne madugun ƙungiya.

Alƙalan wasa bakwai ko takwas ne ke cikin fili a manyan wasanni, da rigunansu masu zane baƙi da fari. Babban alƙali shi ke sanya farar hula. A bakin layi akwai masu riƙe da sarƙar awon yadi goma, da wani mai riƙe da sanda mai allon lamba a kanta, wadda ke nuna yunƙuri na nawa ake ciki. Idan alƙali ya ga laifi ba ya busa usur nan take, sai ya jefa ƙyalle a ƙasa a ci gaba da wasa, in yunƙurin ya ƙare a yanke hukunci. Kocin Kwalejin Youngstown, Dike Beede, shi ya ƙirƙiro ƙyallen a 1941, matarsa Irma ta ɗinka na farko. Kafin nan ƙaho ake busawa, 'yan wasa su yi ta tsayawa a tsakiyar gudu suna zaton an tsayar da wasa. Abu guda da ya kamata a riƙe shi ne cewa waɗannan alƙalai ba ma'aikatan hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa ba ne, wato NCAA. Kowane rukunin jami'o'i shi ke ɗaukar nasa, shi ke biyansu, shi ke hukunta su, kuma yawancinsu suna da sana'ar da suke yi a ranakun aiki: malaman makaranta, lauyoyi, dillalan inshora. Ranar Asabar ce kawai suke zama alƙalai, a gaban taron da a wasu filaye, irin na Michigan, yakan haura mutum dubu ɗari.

Ƙirga ɗaya zuwa huɗu shi ne mafi sauƙin aikin da aka ɗora musu. A nan ne kuma aka yi kurakurai biyu da suka fi kowanne suna a tarihin wasan, shekara 50 tsakaninsu.

Hanover, 1940

Ranar 16 ga Nuwamba 1940 Jami'ar Cornell ta je garin Hanover na jihar New Hampshire don karawa da Dartmouth. Cornell, ƙarƙashin koci Carl Snavely, ta yi wasa 18 a jere ba a doke ta ba, kuma tana ta biyu a jadawalin da 'yan jarida ke fitarwa. Dartmouth kuwa kakar ba ta yi mata daɗi ba, ba wanda ya sa mata rai. Sai dai kocinta Earl Blaik ya shirya tsaro mai tsauri, aka kai zango na huɗu ba wanda ya ci, har Bob Krieger ya buga wa Dartmouth maki uku.

Saura ƙasa da minti guda Cornell ta iso yadi shida daga gidan Dartmouth da sabon yunƙuri huɗu a hannunta. Mort Landsberg ya ruga, aka tare shi. Walter Scholl ya ruga, ya kai yadi ɗaya. Landsberg ya sake kutsawa ta tsakiya, aka danne shi a bakin layi. Kafin yunƙuri na huɗu aka kama Cornell da laifin ɓata lokaci, aka mayar da ita baya yadi biyar. Scholl ya jefa ƙwallo cikin gida, ɗan Dartmouth ya doke shi ƙasa. A nan ya kamata zance ya ƙare, Dartmouth ta karɓi ƙwallo ta cinye 'yan daƙiƙun da suka rage. Alƙalin layi Joe McKenney ma abin da ya nuna ke nan. Amma babban alƙali, William Friesell, wanda aka fi sani da Red, ya ƙi yarda, ya ajiye ƙwallo a yadi shida ya ce Cornell tana da sauran guda. Scholl ya sake jefawa, William Murphy ya cafke, aka ƙara maki ɗaya, aka tashi 7 da 3.

'Yan jaridar da ke wurin sun ƙirga biyar a littattafansu, amma sai da aka wanke fim ɗin wasan aka tabbatar. Friesell ya kalla, ya rubuta wa Asa Bushnell, shugaban hukumar da ta tura shi, cewa kuskuren nasa ne shi kaɗai, bai rataya wa kowa ba. Bushnell ya ce ba shi da ikon sauya sakamako, don alƙali da kansa ba shi da wannan iko bayan an tashi. Sai ya rage wa Cornell. Shugaban jami'ar Edmund Ezra Day da daraktan wasanni James Lynah da koci Snavely suka aika wa Dartmouth da waya cewa sun sallama nasarar. Dartmouth ta karɓa, aka rubuta 3 da 0 a kundin tarihi. Mako na gaba Cornell ta sake shan kashi a hannun Pennsylvania da maki 22 da 20, batun zama zakaran ƙasa ya bi ruwa.

Ana ba da wannan labari iri biyu. A bakin masu jawabi a bukukuwan jami'a, labarin dattako ne zalla: mutanen da sun fi ƙaunar mutunci a kan kofi. A bakin wasu daga cikin 'yan wasan Cornell da suka yi tsawon rai kuwa, akwai ƙarin bayani. Day tsohon ɗalibin Dartmouth ne, kuma sun ce ya kwantar musu da hankali da cewa Dartmouth da ya sani ba za ta karɓi kyautar nasara ba. Sai ga shi ta karɓe da hannu biyu. Ruwaya ta biyun ta fi kama da yadda mutane suke, kuma ba ta rage wa Cornell komai ba, tunda da tayin ya zama gaskiya ba ta yi amai ta lashe ba. Abin da ta rage shi ne ƙarfin iƙirarin cewa akwai wani zamani da mayar da nasara ya zama al'ada. Ba a taɓa yin wannan zamani ba. Sau ɗaya aka yi a manyan wasanni, shi ya sa ake ta maimaita labarin. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna da irinsa a 1999, ranar da Nwankwo Kanu ya fara buga wa Arsenal: ya ɗauki ƙwallon da aka yi nufin mayar wa Sheffield United ya ba Marc Overmars ya ci, Arsène Wenger ya nemi a sake wasan. Shi ma don ba a saba gani ba ne ya zauna a zukata.

Columbia, 1990

Ranar 6 ga Oktoba 1990 Jami'ar Colorado ta sauka a filin Faurot da ke garin Columbia don karawa da Missouri. Colorado tana ta 12 a ƙasa, ta riga ta yi canjaras da Tennessee, Illinois ta doke ta da maki ɗaya. In ta sake faɗuwa, kakarta ta mutu. Kocinta Bill McCartney tsohon ɗan wasan Missouri ne. Madugunta na farko, Darian Hagan, yana jinya, don haka Charles Johnson ne ya ja ragama. Saura 'yan mintuna Missouri ta shige gaba da maki 31 da 27.

Johnson ya kwaso ƙungiyarsa tun daga can ƙarshen fili har ya jefa wa Jon Boman ƙwallo kusa da gidan Missouri. Hanya a buɗe take gaban Boman, sai santsin fili ya kwashe shi ya faɗi a yadi uku. Saura kusan rabin minti. A yunƙuri na ɗaya Johnson ya doka ƙwallo da ƙasa da gangan don agogo ya tsaya. Wannan dabara sabuwa ce a dokar jami'o'i a lokacin, kuma tana da illa guda ga mai ƙirga: yunƙuri ne cikakke, amma ido ba ya ganinsa kamar an yi wasa. A na biyu Eric Bieniemy ya ruga, aka tare shi daf da layi, Colorado ta ɗauki hutunta na ƙarshe.

A cikin wannan hutu ne lissafi ya ɓace. Mai riƙe da allon lamba bai juya shi daga 2 zuwa 3 ba. An ruwaito cewa a daidai lokacin wani ɗan kallo ya yanke jiki ya faɗi a bayan masu sarƙa ana ƙoƙarin ceto ransa, hankalin mutanen bakin layi ya rabu biyu. Babban alƙali J.C. Louderback, wanda malamin lissafi ne a wata sakandare a jihar Kansas, ya dubi allo ya gaya wa McCartney yunƙuri na biyu ake ciki. A kan haka McCartney ya tsara wa yaransa abu uku: a ruga, in ba a shiga ba a doka da ƙasa, sannan a yi na ƙarshe. Ɗan wasansa na tsakiya, Jay Leeuwenburg, ya ce masa lissafin bai yi ba, na huɗu za a doka da ƙasa ke nan. Kocin ya sallame shi.

Aka dawo. Bieniemy ya yi tsalle ta saman tarin mutane, aka mayar da shi baya. 'Yan Missouri suka kwanta a kan ƙwallo suna jan lokaci, alƙalai suka tsayar da agogo na ɗan lokaci don a ɗaga su. Johnson ya doka da ƙasa, saura daƙiƙa biyu. A ƙirgar gaskiya wannan shi ne na huɗu, kuma ƙwallo ya zama na Missouri. Allo yana nuna na uku ne aka gama. Johnson ya karɓa, ya kutsa ta dama, aka buge shi ya faɗi rigingine, ya miƙa hannu da ƙwallo ta saman kansa. 'Yan kallon Missouri sun riga sun cika fili suna murna, wasu sun haye turakun raga, sai ga alƙalin layi ya ɗaga hannu biyu alamar tacdawun.

Alƙalan suka shafe kusan minti 20 suna shawara. Zuwa lokacin labarin yunƙuri na biyar ya bazu a wurin 'yan jarida, masu sharhi a rediyo da talabijin suna ta faɗa. Amma dokar wancan lokaci ta ce kuskuren lambar yunƙuri ana gyara shi ne kafin a fara na gaba. Da zarar an fara, bakin alƙalami ya bushe. Aka kira 'yan Missouri daga ɗakin sauya kaya don a yi neman ƙarin maki, Johnson ya durƙusa da ƙwallo don kada a ƙwace a ruga da shi, aka tashi 33 da 31.

Bayan kwana biyu rukunin Big Eight ya dakatar da alƙalan bakwai, ya kuma ce sakamako yana nan. Shugaban harabar Missouri, Haskell Monroe, ya nemi a ba su nasararsu, aka ce doka ba ta ba da wannan hanya ba. Sai ido ya koma kan McCartney, kowa yana ambaton Cornell. Ya ƙi. Hujjarsa ta farko ita ce filin: shimfiɗar roba ce da ake zuba wa yashi, mai suna Omniturf, kuma ya ce yaransa sun yi ta zamewa tun daga farkon wasa har ƙarshe, ba a ba su fili na adalci ba, don haka ba su da bashin kowa. Hujja ta biyu, wadda magoya bayan Colorado suka fi riƙewa daga baya, ita ce da sun san na huɗu ne ba za su doka ƙwallo da ƙasa ba. Sun yi aiki ne da abin da allo da alƙali suka gaya musu.

Hujjojin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Ta fili ba ta da ƙafa. Santsin gaskiya ne, kowa ya ga yadda Boman ya faɗi, amma filin guda ƙungiyoyin biyu suka taka, kuma santsi ba ya ƙara wa kowa yunƙuri. Laifi tudu ne, McCartney ya taka nasa ya hango na masu shimfiɗa. Ta biyun tana da ƙarfi, kuma ita ce ta raba 1990 da 1940. A Hanover kuskuren ya zo ne bayan Cornell ta yi huɗunta da saninta ta kasa, don haka cire na biyar ya bar sakamako a fili, 3 da 0. A Columbia kuskuren ya shigo tun a tsakiya, ya gurɓata shawarar da aka yanke bayansa. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa Missouri ce za ta ci da an juya allo. Sai dai masu wannan hujja sukan tsallake abu biyu. Da an ƙirga daidai, Colorado ba ta da hutu, agogo yana tafiya, dole ta yi yunƙurin ƙarshe cikin gaggawa ba tare da shiri ba, a gaban 'yan bayan da suka tare Bieniemy sau biyu a jere. Sannan akwai shakku a kan na biyar ɗin kansa: hotunan da aka ɗauka sun fi nuna cewa bayan Johnson ya taɓa ƙasa kafin ya miƙa ƙwallo ya ƙetare layi, kuma a dokar jami'o'i da zarar jikin mai ƙwallo ya taɓa ƙasa, in ba tafin hannu ko ƙafa ba, yunƙuri ya mutu a nan. Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Colorado ba ta yi maguɗi ba, amma kuma ba ta ci wasan a cikin dokarsa ba.

Abin da ya ƙara wa mutane haushi shi ne matsayin McCartney a wajen fili. A wannan shekarar ce ya kafa Promise Keepers, ƙungiyar maza Kiristoci da ke wa'azin cika alkawari da riƙon gaskiya. A 1998 ƙungiyar ta yi taro a garin Columbia, ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi nadamar abin da ya faru da yadda ya yi magana bayansa. Sakamakon dai bai taɓa shi ba.

Da Colorado ta ƙare kakar a tsakiyar jadawali, da labarin ya tsaya a Missouri. Sai ta cinye duk sauran wasanninta, ta hau matsayi na ɗaya, ta je Orange Bowl a birnin Miami ranar 1 ga Janairu 1991 don karawa da Notre Dame. Hagan ya sake jin rauni, Johnson ya sake shigowa, Colorado tana gaba da maki 10 da 9. Saura kusan minti guda ta buga ƙwallo sama, ya faɗa hannun Raghib Ismail, wanda ake wa laƙabi da Roka saboda gudu. Ya ratsa mutane ya yi yadi 91 har gida. Sai ga ƙyalle a ƙasa can baya: an kama Greg Davis na Notre Dame da laifin bangazar Tim James ta baya, aka soke tacdawun. Magoya bayan Notre Dame har yau suna cewa ta gefe ya buge shi, kuma James ba zai kamo Ismail ba ko da an bar shi. Wannan hukunci ya fi na Columbia sauƙin karewa, don bangazar ta faru kuma doka ba ta tambayar ko wanda aka bangaje zai kai. Amma ya zama karo na biyu cikin wata uku da alƙalai suka tsaya tsakanin Colorado da faɗuwa.

A lokacin ba a buga wasan ƙarshe na fitar da zakara. Ƙuri'a ake kaɗawa. 'Yan jarida na kamfanin AP suka zaɓi Colorado mai nasara 11, faɗuwa ɗaya, canjaras ɗaya. Koci-koci a ƙuri'ar UPI suka zaɓi Georgia Tech ta Bobby Ross da ratar maki ɗaya tak, 847 da 846. Georgia Tech ba ta faɗi ko sau ɗaya ba a kakar, canjaras ɗaya ta yi da North Carolina, kuma ta lallasa Nebraska 45 da 21 a wasanta na ƙarshe. An ce jadawalin Colorado ya fi wuya, kuma haka ne. Duk da haka koci-kocin sun fi 'yan jarida gaskiya a wannan karo.

Zamanin bidiyo

Shekaru goma sha da suka biyo baya sun tara wa alƙalai ƙorafi. A 2001 Michigan State ta doke Michigan 26 da 24 bayan mai kula da agogo, wanda ma'aikacin masu masauki ne, ya tsayar da shi saura daƙiƙa ɗaya. Daga nan rukunin Big Ten ya karɓe agogo daga hannun masu gida. Ranar 3 ga Janairu 2003, a wasan fitar da zakara a Tempe ta jihar Arizona, Miami mai nasara 34 a jere tana gaban Ohio State 24 da 17 a ƙarin lokaci. Jifan Craig Krenzel na yunƙuri na huɗu ya kuɓuce wa Chris Gamble, aka harba wutar murna, 'yan Miami suka kwararo cikin fili. Bayan daƙiƙa uku ko huɗu alƙali Terry Porter ya jefa ƙyalle, ya ce Glenn Sharpe ya takura wa Gamble. Ohio State ta farke, ta ci 31 da 24 a ƙarin lokaci na biyu. Porter ya ce ya jinkirta ne don ya sake auna abin a ransa. Riƙon ya faru. Jinkirin ne ya mayar da hukuncin abin zargi, don mai kallo yana ganin ƙyallen da ya zo bayan murna kamar ƙwace.

Big Ten ta gwada duba bidiyo a 2004, a 2006 aka mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya. A watan Satumba na wannan shekarar, a Eugene, ɗan Oregon ya taɓa ƙwallon da ƙungiyarsa ta buga don a ci gaba da wasa bayan ta ci maki, kafin ya cika yadi goman da doka ta ce, kuma ɗan Oklahoma, Allen Patrick, ne ya fito da shi daga cikin turmutsutsu. Alƙalan fili suka ba Oregon, alƙalin bidiyo Gordon Riese ya tabbatar, Oregon ta ci 34 da 33. Rukunin Pac-10 ya ba da haƙuri ya dakatar da alƙalan wasa ɗaya. Shugaban Jami'ar Oklahoma David Boren, tsohon gwamna kuma tsohon sanata, ya nemi a goge wasan daga kundi, ba a goge ba. Haka aka yi a 2015 da Miami ta doke Duke 30 da 27 da miƙe-miƙe takwas a yunƙurin ƙarshe, alhali gwiwar Mark Walton ta taɓa ƙasa da ƙwallo a hannunsa: dakatarwar wasa biyu, sakamako yana nan. Haka kuma a 2016 da aka ba Central Michigan ƙarin yunƙuri bayan lokaci ya ƙare, wanda doka ba ta ba ta ba, ta ci Oklahoma State da shi 30 da 27. Littafin dokokin NCAA ya ce da zarar babban alƙali ya bayyana wasa ya ƙare, sakamako ya tabbata, kuma ba jami'ar da ta sake bin sawun Cornell. Da wuya ma a yi tsammani, a zamanin da kwangilar talabijin ta Big Ten ta 2022 ta kai kimanin dala biliyan bakwai, kuma nasara guda tana iya raba shiga gasar fitar da zakara da zaman gida.

Rigimar da ta fi yawa a yau ta koma kan laifin kai hari ga kai ko wuyan ɗan wasan da ba ya iya kare kansa, ko sukar mutum da tsakar hular kwano. An sa shi a doka a 2008 saboda fargabar raunin ƙwaƙwalwa, a 2013 aka ƙara masa kora daga fili a kan yadi 15, aka kuma ce wanda aka kora bayan hutun rabin lokaci ba zai buga rabin farko na wasa na gaba ba. Korar Shaun Wade na Ohio State a Disamba 2019, bayan ya buge madugun Clemson Trevor Lawrence, ta zo ne Ohio State tana gaba 16 da 0, aka tashi Clemson ta ci 29 da 23. Ranar 1 ga Janairu 2025 kuma aka yi akasin haka a Peach Bowl: Michael Taaffe na Texas ya yi karo kai da kai da Melquan Stovall na Arizona State ana daf da tashi canjaras, aka duba bidiyo aka ce ba laifi, Texas ta ci 39 da 31 a ƙarin lokaci na biyu. Kwamishinan rukunin Big 12, Brett Yormark, ya fito ya nemi a samar da ma'auni guda na ƙasa a kan wannan laifi, domin har yanzu kowane rukuni da alƙalansa da masu duba bidiyonsa. Lambar yunƙuri kuwa tana cikin abubuwan da alƙalin bidiyo yake da ikon gyarawa a yanzu, muddin ba a shiga sabon jerin yunƙuri ba.